Yatsan ungozoma da goshin ƙashin ƙugu: wace ce za ta haihu a nan, wace ce za a tura?

Ɗalibar Ungozoma: Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. A aji an sa mu haddace sassan ƙashin nan na tsakiyar ƙugu ta baya, wato sakram: goshinsa, fukafukansa, ramukansa, ƙahonninsa. To yanzu ina aikin koyo a wani ƙaramin asibiti ta wajen Ringim, sai na tarar da sistoci biyu bakinsu bai zo ɗaya ba. Ɗaya tana sa yatsa wajen awon mai cikin fari, in ta taɓo goshin ƙashin sai ta ce ƙugun ya yi kaɗan, a je babban asibiti tun kafin naƙuda. Ɗayar kuma ta ce wannan tsohon yayi ne. Ni wanne zan kama?

Malamin Aji: Wa alaikumus salam. Kafin a soma gardama, a fara sanin ƙashin tukuna. Gaɓoɓin ƙashin baya ne guda 5 da suka haɗe suka zama ɗaya. A jikin yaro a rarrabe suke, haɗewar tana farawa ne bayan balaga, kuma ba ta kammala sai mutum ya haura shekara 20 da 'yan kai. Siffarsa kamar bakin fartanya, faɗin a sama, tsinin a ƙasa. Gefen gaba na gaɓar farko ya ɗan turo ciki, shi ne goshin da kike magana. Dama da hagunsa akwai fukafukai biyu da suka haɗu da manyan ƙasusuwan kwankwaso. Ramuka 4 a kowane gefe ta gaba, 4 a kowane gefe ta baya, nan jijiyoyi ke fitowa. Ta baya in kin shafa tsakiya za ki ji tudun da ya sauko, can ƙasa kuma sai tudun ya ɓace ya bar giɓi, da 'yan ƙahonni biyu a gefensa. Ƙarƙashinsa sai ɗan ƙashin jela, yawanci gaɓa 4. Na mace ya fi na namiji faɗi da gajarta.

Malamin Aji: Awon kuwa ga yadda yake. Daga ƙasan ƙashin mara zuwa goshin, a macen da ƙugunta ya cika, kusan santimita 12.5 ne. Sai ki cire 1.5 zuwa 2, abin da ya rage shi ne ainihin ƙofar da kan jariri zai bi, wajen 10.5 zuwa 11. Faɗin kan jariri da ya cika wata tara, daga gefe zuwa gefe, kusan 9.5 ne. Kin ga ratar ba ta da yawa. Wannan ki riƙe shi don jarrabawa.

Mama Sista: 'Yata, kada kowa ya ruɗe ki. Yatsan nan da shi muka yi aiki tun babu na'urar hoton ciki, tun babu waya. In kika sa hannu kika ji goshin ya tarye ki ba tare da kin wahala ba, haihuwar yarinyar nan ba ta ƙauye ba ce, ki rubuta mata takarda. Ni na fi son a ce na tura wadda ta je ta haihu lafiya ta dawo tana min dariya, da a ce na riƙe wadda za a ɗauka a amalanke.

Likitan Karkara: Mama, Allah ya ƙara girma, ba na ja da shekarunku a aikin nan. Amma Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarwarin da ta fitar a 2018 kan kula da mai naƙuda, ba ta goyi bayan a riƙa yi wa kowace mace lafiyayya wannan awon ƙugu da hannu ba in ta shigo haihuwa. Dalilin a bayyane yake. Na farko, yatsun mutane ba tsawo ɗaya ba ne, abin da ni zan taɓo wata ba za ta kai ba. Na biyu, ƙugu a lokacin naƙuda ba ya tsayawa yadda kuka auna shi a wata bakwai. Gaɓar da ta haɗa sakram da kwankwaso tana saki saboda sinadaran ciki, ƙashin yana ɗan juyawa, ƙashin jela yana ja da baya. Shi ma kan jaririn ƙasusuwansa suna ɗan hawa kan juna ya rage faɗi. Sannan yadda kan ya shigo, ya sunkuya ko ya ɗaga, ya fi rabin santimitan da muke faɗa a kai muhimmanci. Naƙudar ce ke gwada ƙugu.

Mama Sista: Likita, naƙudar ce ke gwadawa a ina? A inda ɗakin tiyata ke bayan labule, na yarda. Ka zo ƙauyukan bakin kogin Haɗeja a watan Agusta, Auyo ko Taura ko can Guri, ka ga yadda hanya take. Ruwa ya yanke, mota ba ta shiga, sai kwalekwale sai babur. Ka ce in jira naƙuda ta gwada? Kafin ta gama gwajin ai an makara.

Baban Ummi: Maganar Mama tana kan hanya wallahi. Mu da ke tuƙa masu haihuwa zuwa asibiti a tsarin ƙungiyar direbobi mun san abin. Ana kiranka ƙarfe biyun dare, kafin ka isa ka juyo gari ya waye.

Likitan Karkara: Nisan hanya hujja ce mai ƙarfi, ban musa ba. Abin da nake ja a kai shi ne ma'aunin. In za a tura mace tun da wuri, a tura ta kan abubuwan da suka fi yatsa nuna gaskiya: yarinya ce ƙarama da cikin fari, gajera ce sosai, an taɓa yi mata tiyata, ta taɓa doguwar naƙuda jaririn ya zo babu rai, tana ɗingishi tun yarinta, ƙafafunta sun gwame, ta taɓa karaya a ƙugu, jaririn ya kwanta a gicciye, ko tagwaye ne. Waɗannan ko ba ki sa safar hannu ba kin gan su. Haɗarin yatsa kuma biyu ne. Wadda aka taɓo goshinta an tsorata ta, wataƙila ta gudu ta haihu a gida don tsoron wuƙa. Wadda ba a taɓo ba kuma an ce mata ƙugunki lafiya lau, sai dangi su miƙe ƙafa, ta kwana ta wuni a kan gwiwa suna cewa ai sista ta ce za ta iya. Wannan na biyun ya fi ba ni tsoro.

Ɗalibar Ungozoma: To Likita, in haka ne, me ya sa ake wahalar da mu da haddar goshin?

Likitan Karkara: Don shi ne bakin ƙofa. Duk abin da kike dubawa a ciki, wato kashi nawa cikin 5 na kan jariri kike ji a saman mara, tambaya ɗaya kike yi: kan ya wuce tsakanin goshin nan da ƙashin mara ko bai wuce ba? In bakin mahaifa ya kai santimita 5, naƙuda ta kankama, ciwo na zuwa da ƙarfi, awanni na tafiya amma kan yana nan a sama, kuma kin ji ƙasusuwan kan sun hau juna sosai fatar ta kumbura, to ƙugun ya ba ki amsa. A ƙa'ida, wannan zangon ba ya wuce awa 12 ga mai cikin fari, awa 10 ga wadda ta taɓa haihuwa, kuma ke da kike nesa ba za ki jira ya cika ba.

Anti Nas: Bari in sa baki, don ni a ɗakin masu yoyon fitsari na yi aiki, can nake ganin ƙarshen labarin. Mutane sun san ta gaba: kai ya danne mafitsara a jikin ƙashin mara, naman ya mutu, bayan 'yan kwanaki fitsari ya soma zuba. Amma ta baya ma haka ne. Kai yana matse hanji a jikin goshin sakram, sai bayan gida ya riƙa biyowa ta gaba. Akwai kuma wanda ba a cika faɗa ba. Wata babbar jijiya tana saukowa daga gaɓoɓin baya na 4 da na 5, ta kwanta a kan fuffuken ƙashin nan, babu wani nama mai kauri da ya kare ta. In kai ya daɗe yana danne ta, mace za ta tashi ba ta iya ɗaga tafin ƙafarta, tana jan yatsu a ƙasa. A gida sai a ce ta taka sawu ko iska ta shafe ta a wankan jego. Ba iska ba ce, ƙashi ne da jijiya. Da yawa suna warwarewa a hankali cikin watanni, musamman in ana motsa ƙafar ba a bar ta ta sandare ba.

Anti Nas: Kuma don Allah duk wanda ya san mai wannan lalura, kada a ɓoye ta a ɗaki. Ana gyarawa a asibitin Jahun, inda ƙungiyar likitocin agaji ta MSF ke aiki tun 2008, akwai cibiyar Laure a asibitin Murtala na Kano, ga Babbar Ruga a Katsina.

Mama Sista: Yauwa Anti. To waɗannan yaran da kika gani, da an sa musu yatsa tun a awo fa?

Anti Nas: Mama, yawancinsu ko awon ba su zo ba. Waɗanda suka zo ɗin ma, abin da ya ci su jinkiri ne: a jira maigida ya dawo, a nemi kuɗin mota, a gwada rubutu, wani wurin har a kira wanzami ko tsohuwa ta yi yankan gishiri. Ni ban ga laifin yatsanku ba, amma ba shi ne zai fitar da mace daga gida ba.

Malam Liman: Allah ya saka muku. Ni ba ma'aikaci ba ne, an sa ni a zauren ne don faɗakarwa a masallaci. Ɗan ƙashin jelar da Malamin Aji ya ambata, ina jin shi ne ajbuz zanabi da ya zo a hadisin Abu Huraira, cewa ƙasa tana cinye ɗan Adam duka sai shi, daga gare shi ake sake haɗa halitta. Tambayata dai: batun ƙananan shekaru da Likita ya kawo, me ya haɗa shi da ƙashi? In yarinya ta fara al'ada ba ta gama girma ba?

Malamin Aji: Allah ya gafarta Malam, ba ta gama ba. Tsawo yana riga ƙugu tsayawa. Yarinya za ta kai tsawonta, amma ƙofar ƙugun tana ci gaba da buɗewa wasu shekaru bayan fara al'ada. In kuma ta tashi cikin rashin abinci mai gina jiki, ko ta yi ciwon laushin ƙashi tana ƙarama, nauyin jiki yana tura goshin nan gaba, ƙofar ta baje ta gefe ta matse ta tsakiya. Wani likitan haihuwa Bajamushe, Michaelis, tun a ƙarni na 19 ya lura ana iya hango wannan ta baya. In mace ta tsaya, akwai 'yan lotsawa biyu a saman mazaunai, da ɗaya a sama a tsakiyar baya, da farkon tsagin mazaunai a ƙasa. Kusurwa huɗu ke nan. In siffar ta karkace ko ta baje, ana zargin ƙugun ma haka yake.

Likitan Karkara: Shi ma alama ce kawai, kada a mai da shi hukunci.

Mama Sista: Kai dai Likita komai alama ce a wurinka. To ga wanda ba za ka musa ba. Matanmu a kan gwiwa suka saba haihuwa, mu muka zo muka kwantar da su rigingine don sauƙin aikinmu. In mace ta kwanta a kan bayanta, ƙashin nan ya danne a katifa, ina zai motsa? Ni in ba wata matsala, durƙuso nake bari su yi, ko su kwanta ta gefe. Masu ciwon baya a naƙuda kuma, ki sa dunƙulen hannu a tsakiyar kusurwa huɗun nan ki danna da ƙarfi lokacin da ciwon ya taso. Za ki ji tana sa miki albarka.

Likitan Karkara: Wannan kam na sa hannu. Shawarwarin 2018 ɗin ma sun ce a bar mace ta zaɓi yadda za ta zauna, har da tsaye ko durƙuso.

Mai Kemis: Tunda an zo kan baya, mata da yawa suna zuwa wurina neman maganin ciwon kwankwaso, su ce allurar bayan da aka yi musu wajen tiyata ce ta jawo. Gaskiya ne? Kuma na ji an ce akwai wata allurar da ake yi ta giɓin nan na ƙasa.

Mai Ba Da Barci: Wannan fagena ne. Allurar tiyatar haihuwa ba a sakram ake yin ta ba, sama da shi ne. Muna dafa saman ƙasusuwan kwankwaso dama da hagu, layin da ya haɗa su yana bi ta wajen gaɓar baya ta 4, sai mu shiga nan kusa. Mun zaɓi wurin ne don laka a babban mutum tana ƙarewa tun a gaɓa ta 1 zuwa ta 2, ƙasa da nan jijiyoyi ne ke yawo a cikin ruwa. Wurin allurar zai yi tsami 'yan kwanaki, wasu su yi ciwon kai, amma ciwon da ya kai shekara ba ita ba ce. Macen da ta ɗauki ciki wata tara, gaɓoɓin ƙugunta suka saki, ta koma daka da surfe da ɗiban ruwa da goyo, ba ta rasa dalilin ciwon kwankwaso ba.

Mai Ba Da Barci: Ta giɓin kuwa gaskiya ne, an fi yi wa yara, wajen aikin kaba ko gyaran mafitsara da makamantansu. Ana lalubo ƙahonnin biyu, giɓin yana tsakaninsu. In ba a ji su da kyau ba, a nemo lotsawar nan biyu, a zana kusurwa uku mai tsawo ɗaya tsininta na kallon ƙasa, nan ne wurin. Lotsawar suna daidai da gaɓar sakram ta 2, kuma nan ne jakar ruwan laka ke ƙarewa a babba, a jariri ta fi haka saukowa. Shi ya sa ba a zurfafa allurar. Wasu manyan ma giɓin nasu a rufe yake. Malam Mai Kemis, na faɗa maka ne don sani, in maganin ya shiga jijiyar jini ko cikin jakar, mutum zai iya daina numfashi a gabanka.

Mai Kemis: Ni da allurar mazaunai ma nake kaffa-kaffa da ita.

Malamin Aji: Gara ka yi. Babbar jijiyar ƙafa daga ramukan gaba na ƙashin nan rassanta ke fitowa, ta bi ta tsakiyar mazauni ta sauka. Raba mazaunin gida huɗu, ka tsaya a na sama ta waje. Jarirai kuwa a cinya. Yara nawa ke jan ƙafa a ƙauyukan nan ana cewa shan inna ce, alhali allura ce aka yi a gurguwar hanya.

Likitan Karkara: Mai Kemis, ga wanda nake so ka riƙe ya fi komai. Jijiyoyin sakram na 2, 3 da 4 su ke riƙe da mafitsara, dubura da gaban mutum. Duk mai ciwon baya da ya ce maka wurin zamansa ya mutu, ba ya jin ruwa in yana tsarki, ko fitsari ya ƙi fita, ko bayan gida na zubo masa bai sani ba, kada ka ba shi ƙwaya, kada a kai shi a yi masa ƙaho. Ranar nan zai tafi babban asibiti, don jijiyoyin ne aka matse, kuma in an daɗe ba sa dawowa. Sai mai ciwon gaɓar kwankwaso da zazzaɓi mai tafiya yana dawowa da gumin dare, ka tambaye shi ko yana shan madarar da ba a tafasa ba ko yana taɓa dabbar da ta yi ɓari. Cutar da ke sa shanu ɓari tana son wannan gaɓar. Tarin fuka ma yana kama ƙashin baya.

Baban Ummi: Likita, wanda ya faɗo daga babur ko amalanke ta bi ta kansa fa, mu da muke ɗauka?

Likitan Karkara: In yana kukan ƙugu ba ya iya tsayawa, kada a ce ya gwada takawa, kada a jijjiga ƙugun don a ji ko ya karye, kada a wuce da shi wurin mai ɗori. Gaban sakram cike yake da jijiyoyin jini, mutum zai zubar da jini mai yawa a ciki ba ka ga ɗigo a waje ba. Ka sami zani, ka naɗe shi daidai inda kan cinyoyi suka turo ta gefe, ba a ciki ba, ka ɗaure tamau, a haɗa ƙafafun, a ɗauke shi a kan abu mai faɗi.

Maman Sadik: Ku yi haƙuri in dawo da ku gida. Jaririyar ƙanwata an haife ta da ɗan rami a saman tsagin mazaunai, da wani shuɗin tabo. Kakarta ta ce ba komai.

Anti Nas: Shuɗin tabon ba komai ba ne, yana bajewa da kansa. Ramin kuma a duba: in ƙarami ne, a tsakiya yake, kusa da dubura, kina ganin ƙarshensa, yawanci lafiya ne. In ya wuce santimita 2.5 daga dubura, ko yana da faɗi, ko gashi ya tsiro a wurin, ko akwai ƙullutu, ko yana tsatsar ruwa, a kai ta likitan yara ya gani. Kada a sa tsinke a gwada zurfinsa.

Mama Sista: Ɗaliba, kina ji dai. Ni ba zan daina sa yatsana ba, sai dai in na taɓo ba na cewa ba za ki iya ba, cewa nake ki tashi ki koma gidan 'yan'uwa kusa da babban asibiti in wata ya kama. In ban taɓo ba kuma ba na yi wa kowa alkawari.

Likitan Karkara: In da haka kowa ke yi Mama, da ban buɗe baki ba. Amma a littafin awo nakan ga an rubuta ƙugu ya isa, shi ke nan kowa ya kwanta.

Ɗan Autan Baba: Salamu alaikum, ni tambayata daban ce. Mahaifinmu ya samu shanyewar ɓarin jiki, yana kwance a gida. Daidai ƙashin da kuke magana fatar ta yi baƙi ta soma saɓulewa, wurin kuma ya kumbura.

Anti Nas: Allah ya ba Baba lafiya. Gyambon kwanciya ne ke farawa, nan ya fi kamawa don tudun ƙashin yana daf da fata. A baƙar fata ba ja za ka gani ba, sai dai wurin ya fi kewayensa duhu, ya yi ɗumi ko tauri. Ku daina barinsa rigingine. A riƙa juya shi duk awa 2, dama da hagu, a tokare bayansa da matashi, a sa wani tsakanin gwiwoyi. In a tabarma yake a samo katifa. Kada a ja shi a kan shimfiɗa, a ɗaga shi. Fitsari ko bayan gida kada ya kwana a jikinsa, kuma kada a murza wurin da sunan tausa. Kumburin ka danna da babban yatsa: in ya lotsa ya daɗe bai dawo ba, ruwa ne, don mai kwanciya a nan ruwa ke taruwa maimakon ƙafa, sai a duba zuciyarsa da ƙodarsa. Masu jego ma da suka kumbura suna haki haka muke duba su.

Ɗan Autan Baba: Wani ya ce mu fasa kafso mu barbaɗa, ko toka.

Anti Nas: Ko ɗaya. Ruwan da aka tafasa ya huce da ɗan gishiri, a wanke a hankali, a rufe da bandeji mai tsabta. A ba shi ƙwai, wake, kifi, abin da zai iya haɗiya. In ya soma wari ko zazzaɓi ya shigo, ku kawo shi. Turo min hoton wurin ta akwatina in gani, amma ka nemi izininsa tukuna.